Riga Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Litinin, saura wasa shida

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara. Yaya gwiwar Inna? Ki gaishe min da ita, ki ce ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin matashi, na san halinta. Yaya ɗinki? Ni ma ina nan lafiya, sai kewarku.

Kin ce a waya ba na cewa komai sai "lafiya lau" da "to madalla". Gaskiyarki. Da na ji muryarki sai maganar ta gudu, sai na kashe wayar take dawowa. Shi ya sa na koma takarda. Direban motar safe ya ce ba zai gaji da kai miki ba.

Ina nan a ɗakina na ƙarƙashin mazaunin 'yan kallo, kusa da ɗakin wanki. Kin tuna tagar nan da take daidai da ƙasan fili, wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafu? Shekara goma sha ɗaya ina kallon ƙafafun nan, har na kai ina gane kowane ɗan wasa da takunsa. Aikina bai sauya ba: wankin jesi, jera takalma, hura ƙwallaye, rubuta sunaye da lambobi a takardar da ake ba alƙalin wasa. Littafina ma yana nan. Yaran sun daina kirana da sunana, sai Baba Littafi. Jiya Gola ya yi atishawa, ya juyo ya ce in rubuta, da ƙarfe nawa ne.

Kin tambaye ni me ya sa muryata ta yi sanyi alhali muna saman tebur. To, wata biyu da suka wuce mun ba masu jar riga, ƙungiyar da ke bin mu a tebur, tazarar maki tara. Yau shida ne. Shida ma ba kaɗan ba ce, na sani, amma abin da nake gani ba a tebur yake ba.

Lokacin da Koci ya zo bara, ya same mu kusa da ƙasa, kowa na zargin kowa. Bai fara da dabarun wasa ba. Teburan cin abinci ya sa aka haɗe suka zama guda ɗaya dogo, ya ce kowa a nan zai ci, daga Kyaftin har mai yankan ciyawa har ni. Ya cire jadawalin maki daga bango. Sannan ya kafa doka ɗaya: duk mai ƙorafi ko mummunan labari ya kawo shi ranar Litinin. Daga Talata har a buga wasa, ba a kawo wa ɗaki abin da zai sanyaya jiki. Yakan ce shakka kamar mura take, mutum ɗaya ya shigo da ita sai kowa ya kamu. Mun yi dariya a lokacin, amma abin ya yi aiki. Na ga yaran da ba sa iya haɗa fas uku sun zama suna shiga fili kamar an riga an rubuta musu nasara. Ni kaina da nake zama a ƙarshen tebur, kusa da tulun ruwa, na fara jin cewa da ni ake yi.

Yanzu kwana tara ke nan Koci bai zauna a teburin ba. A ofis ake kai masa abinci. Kujerarsa tana nan, ba mai taɓa ta. Yaran suna zuwa atisaye da wuri fiye da da, amma ba sa magana. A wasan Asabar na ƙirga sau nawa 'yan bayanmu suka mayar wa Gola ƙwallo: sau goma sha tara. A farkon kaka ba ya wuce biyar. Wataƙila ba komai ba ne. Ni mai wanki ne, ba koci ba, kuma kin san ni da ganin abu inda babu.

Ga tsofaffin jesi biyu da aka daina amfani da su, na nemi izini kafin in ɗauka. Ki rage wa 'yan biyu, amma ki bar lambar a baya, ita suke so.

Ki kula da kanki. Allah ya bar mu tare.

Naki,
Baban 'yan biyu


Litinin, saura wasa uku

Maman 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa. Na sami amsarki, na karanta ta sau uku, sannan na sa ta cikin littafi. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa zuwa ƙofar gida. Ki yi wa Auta sannu da haƙori, ki ce Baba ya ce namiji ne shi.

Kin ji sakamakon a rediyo, ba sai na maimaita ba. Canjaras ɗaya, nasara ɗaya, sannan aka doke mu. Masu jar riga kuwa ba su zubar da ko ɗaya ba. Maki ɗaya ya rage tsakaninmu.

Gidan nan ya zama wani iri. Koci ya sa a ransa cewa akwai mai fitar da sirrinmu, don haka ana karɓe wayoyin kowa a bakin ƙofa, ni ake ba in ajiye a cikin kwali. Ina jin su suna ta kuka a ciki kamar 'yan tsaki. Kyaftin da Gola sun daina magana tun ranar da aka ci mu; kowanne yana ganin laifin ɗayan ne. Dogon teburin yana nan a haɗe, amma zaman ya kasu uku, da kujeru babu kowa a tsakani. Na ji kocin masu jar riga a rediyo, dattijo ne mai magana a hankali, yana cewa shi yaransa wasa kawai suke yi, duk abin da ya zo sun gode. An ce a cikin mota waƙa suke yi. Mu a tamu motar ko tari mutum zai yi sai ya duba gefensa.

Yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na daɗe ina juya biro kafin in fara.

Kin san Tsinke, ɗan wasan gabanmu mai lamba tara, siririn nan da ya taɓa ɗaga 'yan biyu a kafaɗa. Shi ya ci mana kusan rabin ƙwallayenmu. Dokar gasa ita ce duk wanda ya tara katin gargaɗi biyar ba zai buga wasa na gaba ba, kuma ƙungiyar da ta saka shi, ko ta ci, za a ƙwace mata wasan. A takardar ofishin gasa, Tsinke yana da kati uku. A littafina huɗu ne.

Ga yadda aka yi. Wata uku da suka wuce mun je wasa waje, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin hutun rabin lokaci wani ya ja rigar Tsinke ta yage daga wuya har ciki. Ni kuma ranar ban zo da lamba tara ta biyu ba. Na bar ta a kan igiya, ba ta bushe ba. Alƙali yana busa a fito, Koci yana ihu, sai na cire rigar Shiru, yaron da ke zaman benci mai lamba goma sha huɗu, na zura wa Tsinke. Ya kamata in je in shaida wa alƙali. Na ce sai an tsagaita, sannan na manta. A minti na saba'in aka ba Tsinke kati. Alƙali ya leƙa bayansa cikin ruwa da taɓo, ya rubuta goma sha huɗu. Ofis ya ɗora wa Shiru, wanda ko taka fili bai yi ba.

Na rubuta abin a ranar, da hannuna, har na ja layi a ƙarƙashi. Na ce Litinin zan faɗa. Amma mun ci wasan, kowa yana murna, kuma kati na biyu ne kawai a lokacin. Sai na ce wace Litinin ce ba za ta zo ba. Haka suka yi ta wucewa.

Tsinke ba ya ƙirga katinsa, ni yake tambaya. Shiru bai ma san yana da kati ba. Amma na tuna akwai mai ɗaukar hoto a bayan raga ranar, ya rufe kansa da leda. Ban san na wace jarida ba ne, ban san ko hoton ya fita ba. Wani lokaci ina cewa ko ni ne na ƙirƙiro shi a kaina.

Idan Tsinke ya wuce wasa biyu masu zuwa ba kati, shi ke nan, magana ta mutu. Abin da nake roƙo ke nan. Ki taya ni, amma kada ki gaya wa Inna dalili.

Ki huta lafiya.

Naki,
Baban 'yan biyu


Talata da safe, saura wasa ɗaya

Maman 'yan biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da Inna. Ina fata kowa ya tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, injin wanki yana jirana.

Kin ce in faɗa tun kafin abin ya girma. Takardarki ta iso ranar Alhamis, na karanta na ce gaskiya ne, na kuma ce doka ta hana sai Litinin. Na san da dokar na fake.

Wasan farko mu da masu jar riga kowa ya ci nasa. Ranar Asabar kuwa mun yi kunnen doki, su sun ci. Yanzu su ne a sama da maki ɗaya, kuma wasan ƙarshe da su za mu yi, a nan filinmu. Idan ba mu ci ba, kofi ya tafi. Saura minti biyu a tashi, alƙali ya busa wa Tsinke satar gida, shi kuma don haushi ya buga ƙwallon sama. Na ga hannun alƙali yana tafiya aljihu, na ji kamar in ruga in riƙe shi. Da muka shiga ɗaki Tsinke ya ce, "Baba Littafi, huɗu ke nan ko? Na tsira." Na sunkuya ina tattara safa.

Jiya ce Litinin. Na je ƙofar ofishin Koci sau uku. Na farko yana waya da shugaban ƙungiya, ina jin yana cewa "na sani, ranka ya daɗe, na sani". Na biyu na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na tuna ban juya takalma a rana ba. Na uku ƙofar a buɗe take, yana zaune ya zuba wa bango ido, abincinsa a rufe. Ya rame sosai. Ya ce mene ne, na ce na zo ɗaukar kwano.

Na zauna na rubuta hujjoji a shafi biyu, kamar yadda na saba. A hagu: ofis ya ce huɗu, ba wanda ya sani, ba tare da Tsinke ba ban ga wanda zai ci mana ba. A dama: idan hoton nan yana hannun wani, za mu ɗaga kofi ranar Asabar a ƙwace shi ranar Litinin, kuma yaran nan ba za su ƙara miƙewa ba. Shafin hagu ya fi tsawo. Amma a ƙasan na dama na sami kaina na rubuta cewa ni ne zan cika takardar alƙali ranar Asabar, ni zan rubuta lamba tara da hannuna, alhali na sani.

Ban san me zan yi ba. Da kina kusa da na zauna a gefen keken ɗinkinki, ko ba ki ce komai ba.

Naki,
Baban 'yan biyu


Juma'a, gobe wasa

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yaya tarin Auta? Kada ki bar shi yana shan ruwan sanyi. Ni jikina lafiya.

Na faɗa. Ranar Laraba, bayan atisayen safe, na shiga da littafin a hannu, na ce na san ba Litinin ba ce. Koci bai katse ni ba har na gama. Ya karɓi littafin ya karanta shafin, ya juya baya ya karanta wasu, har inda nake ƙirga ƙwallayen da ake mayar wa Gola. Ya tambaye ni wa ya sani, na ce matata kawai. Ya tambaya ko na tabbata. Na ce ni ban cika tabbata da komai ba, amma littafin bai taɓa yi min ƙarya ba. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo min littafin ya fita. Ta tagata na ga ƙafafunsa sun zaga filin sau biyu, a hankali, shi kaɗai.

Jiya da safe aka ce kowa ya hallara a dogon teburi. Koci ya zauna a kujerarsa, karo na farko cikin makonni. Raina har ya yi sanyi, na ɗauka komawa za a yi kamar da. Ya ce in tashi tsaye. Ya shaida musu cewa ƙungiya ta rubuta wa ofishin gasa, an gyara takarda, Tsinke ba zai buga ba. Kafin hayaniya ta tashi ya nuna ni, ya ce:

"Wata uku ina neman inda ruwa yake shigo mana. Na zargi 'yan jarida, na zargi alƙalai, har wasunku na zarga, ku yafe min. Ashe a ƙarshen teburin nan yake zaune, yana ci da mu. Ya sani tun ranar, ya riƙe har makon da zai fi yi mana ciwo."

Abin da ya fi damuna shi ne rabin maganar gaskiya ce. Na sani, na kuma riƙe. Amma ba don in cuce su ba, kuma Koci ya san haka, tunda ya karanta.

Tsinke bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Ya dube ni kawai ya ce, "Baba, ni da nake tambayarka?" Sai ya kifa kai a tebur. Gola ya miƙe yana cewa shekara goma sha ɗaya ana ciyar da mutum ashe rubuta su yake yi, Kyaftin ya riƙe shi, kuma da suka fita hannun Kyaftin yana kafaɗarsa. Mutanen da suka yi mako biyu ba sa gaisawa.

An hana ni shiga ɗakin canza kaya. Ana turo kwandon jesi ƙofar ɗakin wanki, in na gama in mayar wurin, mai tausa ya ɗauka. Shi ne kuma zai cika takardar alƙali. Abinci a nan nake ci, a kan wani injin wanki da ya lalace. Mai yankan ciyawa ne kaɗai ya leƙo ya ce sannu, shi ma yana waige.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Atisayen jiya da na yau, ban ga irinsu ba tun farkon kaka. Ƙafafun nan da suka yi wata biyu suna jan ƙasa, yanzu tashi suke yi. Ina jin ihu, ina jin suna kiran juna. An mayar musu da wayoyinsu. Shiru ne zai maye gurbin Tsinke, kuma duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai su yi masa tafi. Da rana na jiyo dariya daga ɗakin cin abinci, Gola yana kwaikwayon yadda nake lasar yatsa in buɗe shafi. Ya iya sosai, ni ma sai da na murmusa. Ba wanda na ji ya ambaci masu jar riga. Sun manta suna tsoronsu.

Na goge jesin gobe, kowace lamba guda biyu. Ta Tsinke ma na goge, ban san dalili ba.

Kada ki taso. Kada kuma ki bari 'yan biyu su ji, suna alfahari da aikin nan fiye da ni.

Naki,
Baban 'yan biyu


Litinin

Maman 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa gare ki da yara da Inna. Na gode da saƙon da kika ba direba. Kalma huɗu ce, amma ta riƙe ni kwana biyu.

Mun ci, kin sani. Biyu da ɗaya. Kin ji a rediyo, ni ma a rediyo na ji, duk da cewa tsakanina da fili bai fi taku ashirin ba. An jera allunan talla sun toshe tagata, don haka a ɗakin wanki na zauna. Sai dai rufin ɗakin yana riga rediyon. Idan mutanen da ke samana suka miƙe, ruwan bokiti yakan fara rawa kafin mai sharhi ya buɗe baki. Da masu jar riga suka fara cin mu, rufin ya yi tsit. A watan jiya da an ci mu ɗaya shi ke nan, kowa sai ya fara neman wanda zai ɗora wa. Wannan karon mai sharhi ya ce Gola ne ya ɗauko ƙwallon daga raga da gudu ya kai tsakiya da kansa. Kyaftin ya farke da ka. Ta biyun ma ba wata gwaninta, cunkoso ne a bakin raga, wani ɗan baya ya tura da gwiwa. Shiru bai ci ba, amma an ce ya yi gudu har sai da aka ɗauko shi. Da aka busa tashi na yi tsalle, na buge ƙaurina da bokiti, ruwa ya malale. Na juya in rungumi wani, sai na ga ni da injin wanki ne.

Kwandon da aka turo da yamma rabi ne, sun jefa wa 'yan kallo sauran.

Jiya da hantsi Koci ya shigo ɗakin wanki. Tunda ya zo ƙungiyar nan bai taɓa shiga ba, har sai da ya buge kansa a ƙofa. Ya kifa bokiti ya zauna. Ya ce ya yi barci awa goma sha ɗaya. Ya ce da ya zaga filin nan ranar Laraba, tunanin da yake yi shi ne ya yi shiru ya saka Tsinke, don wataƙila ba wanda zai taɓa sani. Sai kuma ya ga ko da Tsinke ba za mu ci ba, yaran sun riga sun mutu a tsaye.

"Sun gaji da tsoron jar riga," in ji shi. "Tsoro yana ɗaure ƙafa, haushi yana kwance ta. Ina bukatar wanda za su ji haushinsa ba tare da sun ji tsoronsa ba, sai ga ka ka shigo da littafinka."

Ya ce ya san ni ba maci amana ba ne. Ya ce abin da na rubuta game da 'yan baya daidai ne, shi bai ma lura ba. Ya ce in zauna badi, zai sa a gyara injin, a hankali yaran za su huce.

Na ce na gode. Na ce abu ɗaya nake roƙo: akwai taron sallama ranar Talata a dogon teburi, ya maimaita wannan maganar a gabansu, ko rabinta. Ba sai ya wanke ni ba, na yi kuskure, a faɗe shi. A dai ce ban yi don in cuce su ba.

Ya dubi kwandon. Sannan ya ce, "Ba zan iya ba, Baba. Idan suka san na yi amfani da su, badi duk abin da na faɗa sai sun juya shi sun duba ƙasansa. Da me zan kare kofin?"

Ban yi fushi ba, kin san ban iya ba. Har na fahimce shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce to ni ma ba zan iya jera wa mutum takalmi kullum yana ganina a matsayin wanda ya sayar da shi ba. Ya ce in yi tunani. Na ce tunani ne ya kawo ni nan.

Yau da safe na mayar da makullai. A bakin ƙofar fili na haɗu da Tsinke yana fitowa da jakarsa, lambar yabo a wuyansa. Ya rage tafiya, na ɗauka zai yi magana. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya wuce. Ban san ko da zai yi maganar ba. Ban kuma san ko akwai hoton nan ba. Ba wanda ya fito da shi, ba dalilin fito da shi yanzu. Zai yiwu na hana yaron nan wasa mafi girma a rayuwarsa saboda mutumin da ya rufe kansa da leda bai ma danna komai ba. Wannan zan zo miki da shi gida, ki shirya jinsa fiye da sau ɗaya.

Na bar wa wanda zai gaje ni shafi goma sha biyu a kan injin wanki: wa ke sa wane girma, wa ba ya son sabulu mai ƙamshi, da cewa takalmin hagu na Tsinke yana bukatar ƙarin shimfiɗa a dunduniya, shi ba zai faɗa ba sai ya fara ɗingishi. Ban sa sunana ba, kada su ƙi karantawa.

Zan taho ranar Alhamis a motar safe, kuma ba hutu ba ne, da akwatina duka. Ki gaya wa 'yan biyu mun ɗauki kofi, gaskiya ne. Idan suka tambaya me ya sa babu Baba a hoton, ki ce su bari in zo, ni zan gaya musu da bakina.

Sai na iso.

Mijinki,
Baban 'yan biyu